Firojet ɗin jiyoloji: yadda za ka tatsi laburaren jami'arku da ɗakin taswira kafin ka fita daji

Ƙannena ƴan ajin ƙarshe a jiyoloji da jogirafi da masu karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa, wannan naku ne. Kusan duk shekara sai wani ya kira ni yana cewa "Yaya wallahi na duba Google kaf babu komai a kan yankin da safabaiza ya ba ni", ni kuma tambayata ɗaya ce, ka shiga ɗakin taswira na laburarenku? Sai ka ji shiru. Wani ma shekararsa huɗu a makarantar bai san akwai irin wannan ɗakin ba, shi dai laburare wajen cajin waya ne da kwanan karatu in jarabawa ta matso.

Abin da ya kamata ku gane shi ne yawancin aikin da aka yi a kan duwatsun Arewa an yi shi ne tun kafin a san wani abu wai shi intanet. Turawa sun fara binciken ma'adinai a Arewa a 1904, a 1911 wani Bature mai suna Falconer ya fitar da littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya, a 1919 aka kafa hukumar binciken duwatsu ta ƙasa wadda yau ake kira NGSA, kuma rahotonta na farko da ya fito a 1921 a kan filayen kuzar Filato ne. Daga nan aka yi ta fitar da rahotanni da taswirori shekara da shekaru, wasu an sa su a intanet, da yawa kuwa suna nan kwance a durowa ƙura ta rufe su. To ga yadda ake bi a fito da su, zan yi misali da Zariya saboda yankin na fi sani, amma hanyar ɗaya ce ko a Kano kake ko Jos ko Sakkwato ko Maiduguri.

Na farko, nemo lambar fallenka

Kafin ka taka ƙafa laburare ka san lambar fallen taswirar da yankinka ya faɗo a ciki. Wannan lambar ita ce mabuɗin komai, in ba ka da ita za ka yi ta bulayi ne kawai.

An yanka Najeriya gida-gida a taswirar sikel 1:100,000, kowane falle rabin digiri ne ta kowane ɓangare, wato kusan kilomita 55 tsawo 55 faɗi, kuma kowanne da suna da lamba. Zariya 102 ce, Kaduna 123, Naraguta wadda ta ƙunshi Jos 168. Sannan kowane falle an sake raba shi huɗu a sikel 1:50,000, za ka ga an rubuta NW, NE, SW, SE a gaban lambar, shi ya sa ɗaliban Samaru kullum bakinsu 102 SW. A wannan sikel ɗin santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, shi ne wanda za ka riƙe a hannu ranar fita fili.

Yadda za ka gano naka, buɗe Google Earth ko taswirar wayarka, ka danna tsakiyar yankin ka rubuta latitud da longitud ɗinsa a takarda, sai ka je ka nemi taswirar jadawalin fallaye, ita ce taswirar Najeriya guda ɗaya da aka zana mata murabba'ai da lambobi a ciki, galibi tana manne a bangon ɗakin taswira ko a ofishin masu zane na dipatmen. In yankin naka ya faɗo a bakin iyakar falle biyu to duka biyun za ka nema, kar ka yi ƙyuya.

Wani abu da ke rikita mutane, taswirar duwatsu ta sikel 1:250,000 mai digiri guda cur lambarta daban ce, Zariya a can 21 ce ba 102 ba. Ka rubuta duka biyun.

Na biyu, shiga ka san mutane da wurare

Ka je da safe da katin makarantarka, ka sabunta rajistar laburare in ta mutu. Sannan ka nemi teburin masu taimaka wa masu bincike, ka yi sallama ka gaishe su yadda ya kamata, "Malam barka da aiki", "Hajiya ina kwana", ba wai ka tsaya a kansu da iyafis a kunne kana cewa ina taswira ba. Ma'aikacin da ya shekara ashirin a wurin ya san durowar da katalog bai sani ba, kuma yadda ka shigo masa haka zai fito maka. Ka ce masa "Malam firojet nake yi a kan falle kaza, ina neman taswira da duk wani tsohon rahoto da ya shafi wurin", ka ga ka sauƙaƙa masa aiki.

Yawancin laburaren jami'o'inmu tsarin haruffa na laburaren majalisar dokokin Amurka suke bi wajen jera littattafai, in ka haddace haruffa biyar ɗin nan ka huta: QE nan ne jiyoloji gaba ɗaya, duwatsu da ma'adinai da burbushin halittun da suka zama dutse. GB yanayin doron ƙasa da koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa. TN haƙar ma'adinai da man fetur. QC wajen ƙarshensa akwai jiyofizik. G kuma atlas da taswirori. In laburarenku na lambobi ne wato tsarin Dewey, to ka nufi 550 zuwa 559, taswira kuma 912.

Shawarata ko katalog na kwamfuta ya ce babu, ka je gaban kantar QE da kanka ka bi da ido layi-layi. Sau da yawa tsofaffin kaya ba a shigar da su kwamfuta ba, suna cikin tsohon akwatin katuna na katako da kowa ke wucewa. Littattafai biyu za ka fara ɗauka don ka san inda ka dosa, wanda Kogbe ya tattara kan jiyolojin Najeriya da ya fara fitowa a 1976, da na Obaje na 2009 kan jiyoloji da ma'adinan Najeriya. Ba don ka kwafe su ba, ka karanta babin yankinka sai ka juya baya wajen jerin manazarta, duk sunan da ka ga ya maimaitu ka rubuta, su ne za ka bi sawu.

Kuma kar ka tsaya a babban laburare kawai. A ABU misali akwai laburaren Kashim Ibrahim, amma dipatmen ma yakan ajiye nasa kayan, kuma a jami'o'i da yawa taswirorin sun fi yawa a sashen jogirafi ko na safiyo fiye da babban gini. Ka zaga duka.

Na uku, ɗakin taswira, nan za ka daɗe

Taswira ba a jera ta a tsaye kamar littafi, a kwance take cikin faffaɗan durowoyin ƙarfe marasa zurfi, kuma yawanci ba a ba da aronta, a nan za ka duba ka bar ta. Ka wanke hannu, ka ajiye biro da ruwan leda a waje, fensir kawai. In za ka zaro falle daga tsakiya kar ka fizgo shi, ɗaga na saman gaba ɗaya ka ajiye gefe, takardar da ta shekara sittin in ta yage shi ke nan babu inda za a samo wata.

Iri uku kake nema. Taswirar doron ƙasa mai nuna tudu da kwari da rafuka da hanyoyi, wadda hukumar safiyon tarayya ta buga, da yawansu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960 aka zana su. Sai taswirar duwatsu mai launi-launi. Sai kuma in ka yi sa'a hotunan jirgin saman su kansu, baƙi da fari, waɗanda in ka jera biyu a ƙarƙashin madubin nan mai ido biyu sai ka ga duwatsun sun taso kamar ka taɓa. Ranar da na fara ganin wani dutse ya miƙe daga cikin takarda sai da na ɗago kai na sake kallon teburin.

To ga inda ɗalibai suke yin sakaci, kowa tsakiyar taswira yake kallo yana neman garinsu, alhali rabin ilimin yana gefe. Ka zauna ka karanta rubutun gefen nan tas ka kwafe a littafinka:

suna da lambar falle da bugu na nawa ne da shekara. Shekarar da aka ɗauki hoton jirgin, don ita ce ainihin shekarun abin da kake gani ba shekarar bugawa ba. Tazarar layukan tudu, a nan ka buɗe ido sosai domin tsofaffin fallaye da ƙafa aka auna su ba mita ba, da yawa tazarar ƙafa 50 ce wato mita 15 da ɗan kai, na ga wanda ya zana yankan ƙasa yana ɗaukar 2200 a matsayin mita, ya mai da Zariya ta fi Jos tsawo, alhali ƙafa ce, wajen mita 670. Sai ɗan zanen kibiyoyi mai nuna bambancin arewar gaskiya da arewar kamfas, wannan lissafin na zamanin da aka buga ne kuma yana canzawa duk shekara, kar ka saita kamfas ɗinka da shi, akwai shafin hukumar NOAA ta Amurka da zai lissafa maka na bana kyauta in ka sa kodinet. Na ƙarshe kuma mafi girma, datum, wato tushen awon da aka ɗora kodinet ɗin taswirar a kansa, za ka ga an rubuta Minna da Clarke 1880. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wani zai ce to me zan yi da taswirar da ta girmi babana, garin ma ya canza. Ai canzawar ita ce amfanin. Hanya ta canza, unguwanni sun cinye gonaki, amma dutsen Kufena na Zariya, mai shekara wajen miliyan 600, yana nan inda yake, kogunan Kubanni da Galma ba su yi ƙaura ba. Kuma tsohuwar taswira za ta nuna maka rafin da aka cike aka yi gini a kai, da fadamar da ta bushe, da tsofaffin ramukan kuza a Filato, abin da hoton tauraron ɗan adam na yau ba zai nuna maka ba. Mai neman inda zai haƙa burtsatse a yankin dutse ya san darajar wannan, domin rafin da ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula sau da yawa tsagar dutse yake bi, ruwan kuma a tsaga yake.

Na huɗu, tsofaffin rahotanni, ka neme su da tsohon suna

Wannan dabarar ita ce ta fi kowacce yi min amfani kuma babu lakcaran da ya taɓa gaya min. In ka rubuta Zamfara ko Jigawa ko Yobe ko Gombe a katalog ka ga babu komai, ba wai ba a yi aiki a can ba ne, lokacin da aka yi aikin babu jihohin. Jihohi a 1967 aka fara su, Katsina 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe 1991, Zamfara da Gombe da Nasarawa 1996. Kafin 1967 larduna ne. Don haka zinaren Zamfara ka neme shi a ƙarƙashin lardin Sakkwato, Jigawa a lardin Kano, Gombe a lardin Bauchi, yawancin Yobe a lardin Borno, shi ma ka gwada rubuta shi Bornu yadda Turawa suke rubutawa. Ko tsaunin Jos ma a tsofaffin takardu da sunan Bauchi ake kiransa.

Rahotannin hukumar binciken duwatsu jere suke da lambobi, ƙananan littattafai ne masu bango mai laushi, kuma kusan kowanne akwai aljihu a bangon baya da taswira a ninke a ciki. Ka fara duba aljihun nan kafin komai, in ka tarar da shi wayam to wani marar tsoron Allah ya riga ka, sai ka nemi wani kwafin. Mai aiki a Filato lamba 32 ta 1971 ita ce tasa. Mai aiki a Gombe, Bauchi, Adamawa da kudancin Borno lamba 30 ta 1963, a can ne za ka ga asalin bayanin yashin Bima da sauran jerin. Yankin Neja da yammacin Zariya da kudancin Sakkwato lamba 27 ta 1957 da lamba 29 ta 1963. Da tsohuwar zuma ake magani, mutanen nan da ƙafa suka taka wuraren da yau saboda rashin tsaro safabaizanka ba zai ma bari ka je ba, don haka wani lokacin abin da suka rubuta shi ne kaɗai idon da kake da shi a wurin.

Amma ban ce ka haɗiye komai ba. Sunayen duwatsu sun canza, shekarun da suka ƙiyasta an sake auna da yawa da na'urori na zamani, ka ɗauki abin da suka gani da ido, fassararsu kuma ka gwada ta da sabbin takardu.

Masu aikin ruwa a Sakkwato da Borno ku kuma kun yi sa'a, hukumar binciken duwatsu ta Amurka, USGS, ta yi aiki tare da tamu a shekarun 1960, rahoton kwarin Chadi ya fito a 1968 na kwarin Sakkwato a 1973, duka suna shafinsu na wallafe-wallafe kyauta har da taswirorin. Sannan dutse bai san boda ba. Kwarin Sakkwato gefe ne kawai na babban kwarin Iullemmeden wanda yawancinsa yana Nijar, giranit ɗin Jos mai kuza kuma jerinsa ya taso tun daga tsaunukan Ayar ta Damagaram, na arewa sun fi tsufa, ana gangarowa kudu suna ƙara yarinta. Saboda haka in yankinka na bakin iyaka ne akwai kaya da Faransanci, ka duba rumbun Horizon na cibiyar IRD ta Faransa, wadda a da ake kira ORSTOM, kyauta ne, ka nemi aboki ɗan sashen Faransanci ka saya masa shayi da burodi ya zauna da kai.

Na biyar, kundayen waɗanda suka riga ka

Sashen kundayen digiri na biyu da na uku ba a ba da aro, za ka cike ƴar takarda a ɗauko maka. Wasu jami'o'in sun sa nasu a intanet, na ABU sunansa Kubanni. Ka nema da sunan falle da lamba da sunan ƙauyukan yankin. Abin da za ka ɗauka a ciki shi ne inda suka samu dutse a fili, hanyar da suka bi suka shiga, da manazartarsu. Babi na biyu kuwa ka bar musu kayansu, ana gane kwafe tun kafin a sa shi a na'ura, musamman in kuskuren rubutun mai shi ya biyo ka.

Na shida, ɗakin kwamfuta

Ka tambayi mai kula da sashen intanet na laburare, "Malam waɗanne rumbunan mujallu makaranta take da rajista da su bana?" Ka ce bana ɗin, saboda rajista tana ƙarewa a sabunta ko a ƙi. Ka tambayi Research4Life musamman, a cikinsa akwai OARE na muhalli da AGORA na noma da ƙasa, laburare ne ke riƙe da sunan shiga da lambar sirri, kuma ba a yarda ka watsa su a guruf ba, in aka gano makarantar gaba ɗaya ake rufe wa. Mujallun da za ka fi buƙata su ne Journal of African Earth Sciences, da Journal of Mining and Geology ta ƙungiyar masana ma'adinai ta Najeriya wadda ake samu a AJOL, shafin mujallun Afirka na intanet. In takarda ta ƙi buɗuwa ka rubuta wa marubucin imel gajere cikin ladabi, da yawansu suna turowa.

Ka yi amfani da wayfay ɗin makaranta ka sauke manyan kaya tunda datarka ba za ta ɗauka ba. A shafin EarthExplorer na USGS za ka yi rajista kyauta ka sauke hotunan tauraron Landsat da bayanan tudu da kwari na SRTM mai mita 30. Hoton tauraron Sentinel-2 na Turai ya fi fitowa tar, mita 10 ne. In duwatsu kake son gani ka zaɓi hoton rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da ciyawa ta bushe babu gajimare, sai dai ka kauce wa ranakun da hazon hunturu ya yi kauri. Akwai kuma laburaren jami'ar Texas da ke Austin, sun sa tsofaffin taswirorin sojan Amurka na Afirka ta Yamma masu sikel 1:250,000 a buɗe, suna maganin wata rana in fallenka ya ɓata a durowa. Masu ruwa ku ƙara da atlas ɗin ruwan ƙarƙashin ƙasa na Afirka na hukumar BGS ta Ingila, akwai shafin Najeriya da na Nijar.

Na bakwai, abin da babu a makaranta

In ka zaga ko'ina babu, ka karɓi takardar gabatarwa daga shugaban dipatmen, mai hatimi, a rubuta lambar fallen a ciki. Taswirar duwatsu da bayanan maganaɗisu na jirgin sama NGSA za ka nufa, hedikwata Abuja, kuma suna da babban wuri a Kaduna. Bayanan jirgin nan na shekarun 2000 ne, an yi shawagi a layuka masu tazarar mita 500 a tsayin wajen mita 80 daga ƙasa, kuma da lambar fallen 1:100,000 ake ba da su, ka ga amfanin mataki na farko. Ana biya, don haka ku haɗa kuɗi da duk wanda yankinsa ke cikin falle ɗaya da naka, ka kuma fara tambayar lakcarori ko wani ya riga ya saya. Taswirar doron ƙasa ofishin babban safiyo na tarayya ko na jiharku. Tarihin haƙar ma'adinai kuwa, lasisi da rahoton jami'an lardi, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa.

Na takwas, daga takarda zuwa kwamfuta, da maganar Minna

Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto ko ka yi sikanin. In akwai babbar sikana a makaranta a yi maka a 300 dpi, mai launi, kuma a haɗa da gefen gaba ɗaya kar a yanke. Fotokwafin A3 gunduwa-gunduwa a manna da salatif yana jan takarda ya ɓata sikel, na riƙewa a fili ne kawai ba na awo ba. In waya ce kaɗai gare ka, shimfiɗa fallen a tebur kusa da taga, ka hau kujera ka ɗauka daga sama sak, ba a karkace ba.

Sai ka buɗe QGIS, manhajar aikin taswira ce ta kyauta, ka shiga wajen ɗora taswira a kan kodinet. Ka danna kusurwoyi huɗu na taswirar ɗaya bayan ɗaya kana shigar da latitud da longitud ɗin da aka buga a kowace kusurwa, in akwai ƙananan alamun giciye a ciki ka ƙara da su. Da ya tambaye ka tsarin kodinet, nan ne wajen. Ka zaɓi Minna, lambarsa 4263, ba WGS 84 mai lamba 4326 ba, duk da shi zai fara miƙo maka.

Ni na sha wannan da kaina. Sati biyu muna yawo a rana da guduma da kamfas, na ɗauki wurare sun fi arba'in da GPS, na dawo na zuba su a kan taswirar da na yi sikanin, sai ga dutsen da na zauna a kansa na ci ƙuli-ƙuli ya faɗo tsakiyar rafi, duk ɗigon sun gusa gefe ɗaya kamar an tura su da hannu. Na kwana biyu ina zargin na'urar har na kusa komawa fili, sai wani dattijo mai zanen taswira ya leƙo ta kafaɗata, bai ce komai ba, ya sa yatsa a ƙasan takardar inda aka rubuta Minna da ƙananan baƙaƙe, ya ce "ɗana, GPS ɗinka da wannan takardar ba yare ɗaya suke ji ba." GPS da waya da Google Earth duk WGS 84 suke amfani da shi, tsofaffin taswirorinmu kuma an ɗaure su ne da wata alamar safiyo da ke kusa da Minna, bambancin yakan kai gomman mitoci har ya doshi ɗari. A sikel 1:50,000 milimita biyu ne kacal, da ƙyar ido zai kama a takarda, amma in burtsatse za a haƙa a kan tsagar dutse mita 80 ita ce tsakanin ruwa da ƙura, ga kuɗin mutane sun tafi.

Bayan ka ɗora ta a Minna sai ka juya ta zuwa UTM na WGS 84, wato tsarin kodinet da ya raba duniya zon-zon, don ka riƙa awo da mita. Najeriya zon uku ta ratsa, 31 daga yamma zuwa longitud 6, Sakkwato da Birnin Kebbi ke nan, 32 daga 6 zuwa 12, nan ne Zariya, Kano, Kaduna, Jos, Bauchi, lambarsa 32632, sai 33 daga 12 zuwa gabas, Maiduguri da Yola. Ka gwada aikinka da abin da ba ya motsi, gadar jirgin ƙasa ko mahaɗar rafuka biyu ko ƙololuwar dutse, ka ɗora hoton tauraron ɗan adam a ƙasa ka gani ko sun hau kan juna. In sun hau to ka fara zana naka a kai.

Na tara, rubuta komai tun yanzu

Duk abin da ka taɓa ka rubuta shi a ranar, littafi da lambar kantarsa, taswira da sunan falle, lamba, sikel, bugu, shekara da hukumar da ta buga, hoton tauraro da ranar da aka ɗauke shi. Manhajar Zotero kyauta ce tana jera maka manazarta, in ba ka so ko littafin aljihu ya isa. Ranar difens wani farfesa zai nuna taswirarka da biro ya ce daga ina ka samo wannan iyakar dutsen, kai ka taka ta ko kwafowa ka yi, gara amsar tana hannunka. A taswirar taka ma ka bambanta su, iyakar da ka gani da ido layi miƙaƙƙe, wadda ka yi hasashe layi mai tsinke-tsinke, wadda ka aro kuma ka faɗi mai ita.

Fayilolin ka ajiye su wuri uku, laftof, filashi, da imel ɗinka ko Google Drive. In an gama an sa hannu, kwafin da za ka kai laburare ka sa a yi masa aljihu a bangon baya ka saka taswirar a cikakken girmanta, a ƙasanta ka rubuta lambar falle da datum da zon da manyan baƙaƙe, sannan ka koma ɗakin taswira ka yi wa Malam godiya, ka tambaye shi ko yana son kwafin sikanin da ka yi don na bayanka su daina jan takardar.